Giwa Mai Fiffike: Me Ya Kayar Da Ita?

Mu mazauna Tudun Murtala ba baƙin ƙarar jirgin sama ba ne, gama filin jirgin Malam Aminu Kano ba shi da nisa da mu. Dattawanmu suna tuna lokacin da yara kan fito da gudu su ɗaga kai, su ga jirgi mai launin kore da fari, su ce, "Ga namu can!" Yau jiragen suna wucewa, amma babu wanda za mu kira na ƙasa.

A nan Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a shekarar 1925. Kamfanin jiragenmu kuwa an kafa shi a 1958, bayan rabuwar kamfanin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1961 ya zama mallakar gwamnati ɗungum, a 1971 aka raɗa masa suna Nigeria Airways. Alamarsa giwa ce mai fiffike. Da kuɗin mai suka shigo, giwar ta yi ƙiba, har ta mallaki jirage wajen 30 a shekarun 1980. Ta kai ɗalibanmu Landan, ta kai alhazai Jidda, ta haɗa Kano da Ikko da Jos da Maiduguri.

To, me ya kayar da ita? Wasu sun ce faɗuwar darajar naira, wasu sun ce bashi. Gaskiya ne, amma mu muna ganin tushen cutar shi ne rashin riƙon amana. Shugabanni suna ta sauyawa, ma'aikata sun fi ƙarfin jirage, mai tikiti a hannu ya rasa kujera domin wani babba ya aiko da 'yar takarda. Har turawan KLM aka ɗauko a 1979 su gyara, suka yi shekara biyu suka tafi, aka koma gidan jiya. A 2003 kamfanin ya rufe. Kamfanin Habasha kuwa, wanda ya fara tashi a 1946, yau shi ne kan gaba a Afirka.

'Yan'uwa, kada mu ɗora wa manya laifin duka. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanene cikinmu bai taɓa cewa, "Ai kayan gwamnati ne," ba? Wannan magana ita ta cinye giwar, ita ce kuma take cin asibitocinmu da makarantunmu.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne ƙananan ma'aikata. Sai a 2018 gwamnati ta amince a biya su wani kashi na haƙƙinsu, fiye da naira biliyan 22, bayan shekara 15 suna jira. Da yawa sun mutu ba su ga ko kwabo ba, suka bar gwauraye da marayu.

A 2023 aka nuna mana jirgi a Abuja da sunan Nigeria Air, ashe na Habasha ne aka shafa wa fenti. Muna son jirgin ƙasa tamu, ƙwarai kuwa. Amma muna roƙon hukuma, kafin a sake yanka wani kyalle, a bayyana wa jama'a inda dukiyar tsohon kamfanin ta shiga, a kuma tabbata babu ma'aikaci ko magajinsa da ke bin bashi. Mu kuma, kowa ya riƙe amanar da ke hannunsa, ko da ta maɓallin ofis ce.