Kala Pani da masu tsibirin da aka manta

Da almuru a Port Blair, a tsibiran Andaman, akan kunna fitilu a farfajiyar kurkukun da Indiyawa ke kira Kala Pani, wato baƙin ruwa, a sa wata tsohuwar bishiya ta ba 'yan yawon buɗe ido labarin mazajen da suka ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila. Tun 1979 gwamnati ta mai da wurin abin tunawa na ƙasa. Galibi Ba'indiye in ya ji an ce Andaman, wannan gini ne ke faɗo masa a rai.

Azabar da aka yi a ciki ba ta musuwa. An gama ginin a 1906, kowane fursuna da ɗan ɗakinsa shi kaɗai, ƙofarsa na kallon bayan wani gini don kada ya ga fuskar ɗan'uwansa. Akan ɗaure mutum jikin injin matse mai, ya yini yana zagayawa kamar sa. A yajin cin abinci na 1933 aka yi wa wani fursuna, Mahavir Singh, ɗurar madara, ta shige masa huhu, ya mutu.

To amma ba a ƙasar da ba ta da mai ita aka kafa sansanin fursunonin ba. Da aka fara jibge fursunoni a 1858, 'yan asalin manyan tsibiran sun kai kimanin 5,000. A 1859 suka auka wa sansanin Aberdeen da kwari da baka, aka tare su da bindiga. Shin wannan ba yaƙin 'yanci ba ne? Ko sai wanda ya bar wasiƙu da littafi ne gwarzo? Daga baya ƙyanda da tunjere suka yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Yau 'yan gomomi suka rage, an killace su a ɗan tsibirin Strait. A 2010 ɗaya daga cikinsu, Boa Sr, ta rasu, harshensu na Bo ya bi ta.

Turawa sun tafi, halinsu bai tafi ba. Indiya mai 'yanci ce ta ratsa dajin ƙabilar Jarawa da babbar hanya. Kotun ƙoli ta ce a rufe ta a 2002, har yau motoci na bi. An sa wa filin jirgin sama sunan Savarkar, ɗaya daga cikin fursunonin Kala Pani, an sauya sunan birnin Port Blair a 2024 wai don a wanke dauɗar mulkin mallaka. Masu ƙasar kuwa, ba wanda ya mayar musu da ita.