Ƙaramin Sani Ƙuƙumi: A Koya Wa 'Ya'yanmu Harshen Masu Sayen Zoɓonmu

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa na Birnin Kudu da Gwaram, ga wata tambaya ku kai wa mahukunta, kada kuwa ku tashi sai sun ba ku amsa. Zoɓon nan da manoman Jigawa ke tsinka da hannu, su shanya, su ɗura a buhu, ina yake zuwa bayan motar dillali ta ɓace da shi? To, in ba ku sani ba, yawancin zoɓon da Nijeriya ke fitarwa Meziko ake kai shi, watau ƙasar da ke maƙwabtaka da Amurka ta wajen kudu. Can ma jiƙa shi suke yi su sha kamar mu, suna kiransa jamaica, a baki kuwa "hamaika". Harshen mutanen Meziko Sifaniyanci ne. A cikin 'ya'yanmu da suka gama sakandare, mutum nawa ne zai iya zama da mai sayen nan, a yi masa tayi ya ce albarka da harshensa?

Ku tuna da 2018. A shekarar nan ƙofar Meziko a rufe take ga zoɓonmu saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya, aka kuwa yi shekaru kafin ta sake buɗewa. Manya suka yi ta aika wa juna takardu, manomi da ƙaramin ɗan kasuwa suna gefe da buhuna, ba mai yi musu fassara. Haka abin yake ko da ƙofa tana buɗe: mai jin harshen mai saye shi ke yanka farashi, shi ke cin la'ada gaba da baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Mun san abin da za su ce. Wai Sifaniyanci ya fi ƙarfin ɗan ƙauye, wai na 'ya'yan manya ne masu zuwa makarantun kuɗi na Abuja da Ikko. Wannan zancen banza ne, ga kuwa hujjojinmu. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, daidai da na Hausar boko, kuma kusan yadda aka rubuta kalma haka ake faɗinta, ba kamar Ingilishi ba da ake rubuta wani abu a karanta wani. Sa'an nan suna raba sunaye namiji da tamata kamar yadda muke yi, yawancin na tamata kuwa da "a" suke ƙarewa: mu muna da riga da hula da saniya, su suna da casa, gida, da mesa, tebur, da vaca, saniya. Abin da ke wahalar da ɗan Ingila ke nan, ɗan Gwaram kuwa da shi ya tashi. Ƙari a kan haka, Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492, suka bar dubban kalmomin Larabci a bakin mutanen Sifaniya. Sukari azúcar ne, riɗi ajonjolí, in kuma za su yi fata sai su ce ojalá, wadda asalinta ambaton yardar Allah ne da Larabci. Ashe yaron da ya wanke allo ya riga ya ci rabin hanya.

Amma ku lura da inda ake cutarmu. Koyon harshe hawa-hawa ne. Hawan farko gaisuwa ce da ƙirga da sunayen ranaku, wannan ko aku ya iya. Hawa na tsakiya shi ne mai wuya, shi ne kuma mai amfani. A nan ɗalibi ke koyon bambancin compré, na saya sau ɗaya an gama, da compraba, a da nakan saya. A nan yake koyon maganar fata da sharaɗi da umurni, irin tamu ta "Allah ya sa ya zo", su ce ojalá venga. A nan yake iya rubuta wasiƙa ya ce kaya sun tashi ran kaza, kwantena kaza, in an samu ƙwaro laifin wane ne, in kuɗi sun makara me za a yi. Ciniki duk a hawan nan yake. Wanda aka tsayar a hawan farko ya iya cewa sannu, sai dai in an miƙo masa yarjejeniya ya dangwala hannu bai san abin da ya sayar ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mun kuwa ga yadda aka yi mana da Faransanci. A 1991 aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry. A 1996 Janar Sani Abacha ya yi shelar cewa Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 2004 ta rubuta cewa dole ne a koyar da shi a firamare da ƙaramar sakandare. Duk an buga a takarda, an yi tafi. To, ku kira 'ya'yanku yau da dare ku tambaye su: wa ke koya muku Faransanci, sau nawa a mako, bayan bonjour me kuka iya? Alhali jiharmu tana da iyaka da Nijar a Maigatari, fatakenmu kuma suna shiga Kamaru da Cadi da Binin da Kwaddebuwa, inda takardun kwastan da Faransanci suke. Doka ba malami, ai tukunya ce a kan murhu ba wuta.

Kada kuma a ce harshen ƙasa ɗaya muke roƙo. Kusan mutum miliyan 500 aka haifa da Sifaniyanci, ƙasashe 20 ke aikin hukuma da shi, har da Ikwatoriyal Gini da ke kusa da gaɓar tekunmu, inda Hausawa suka daɗe suna zaune suna kasuwanci a Malabo.

Saboda haka ga bukatunmu, a kai su Ma'aikatar Ilmi a Dutse. Na ɗaya, duk makarantar da aka sa Faransanci a jadawalinta a ba ta malami mai takardar shaida, a biya shi a kan kari. Na biyu, harshen da aka fara a ƙaramar sakandare a ci gaba da shi har aji na ƙarshe, jarrabawarsa kuwa ta haɗa da magana da rubuta wasiƙar ciniki. Na uku, a buɗe ajin Sifaniyanci ko da ɗaya ne a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, a ware gurabe domin 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa na Gwaram da Sara da ƙauyukansu. Kwalejin da ta yaye Aliko Ɗangote a 1978 ba ta fi ƙarfin yaye tafinta goma ba. Na huɗu, a tura ɗalibanmu su koyo harshen har su ƙware, da sharaɗin su komo gida su koyar.

Ku kuma iyaye, kada ku jira a kawo muku har ɗaki. Ku ta da maganar nan a taron iyaye da malamai, ku ta da ita a ƙungiyar 'yan kasuwa. Duk ɗan takarar da ya zo rumfarku neman ƙuri'a, ku tambaye shi malamin harshe nawa ya kawo mazaɓarsa, ku sa shi ya faɗi sunan makarantar. In ya fara kame-kame, ku ce masa albarka, kayanku ba na sayarwa ba ne a wannan farashi. Zoɓon namu ne, gumin namu ne, lalle ne bakin da zai yi cinikinsa ya zama na ɗanmu.