Rumfar Haya Ko Shagon Kai

Masu ƙananan kantuna a Tambuwal da Kebbe suna shawara bisa cinikin intanet. Wanda ya kai hajarsa Jumia, kasuwar da aka kafa a Ikko cikin 2012, zai sami masaya, amma fa kamfani ke yanke la'ada, shi ke shimfiɗa sharuɗɗa. Wanda ya buɗe shafin kansa kuwa ba mai raba riba da shi, sai dai kuɗin haya da neman masaya suna wuyansa. Mutumin Tambuwal yana bisa hanyar Sakkwato zuwa Jega, mota ba ta yanke masa. Na Kebbe ne abin dubawa, domin kuɗin fid da kaya bakin titi yana iya cinye ribar turmin atamfa tun kafin a zo ga la'ada.