Shugaban Makaranta a Gaban Doka: Amanar da Ba a Koyar da Ita Yadda Ya Kamata

Gabatarwa

A garuruwa irin su Kunduru da ke ƙaramar hukumar Kankiya, da maƙwabtanta na yankin Kusada, hedimasta mutum ne mai daraja. Da shi ake shawara kan karatun yara, shi ke cike wa mutane takardu, kuma in rigima ta tashi tsakanin malami da iyaye, a gabansa ake kashe ta. Amma akwai wani nauyi da ke wuyansa wanda da yawa daga cikin masu riƙe da muƙamin ba su san girmansa ba sai ranar da tsautsayi ya faɗa. Wannan nauyi shi ne alhakin da doka ta ɗora masa game da rai da lafiya da mutuncin kowane yaro da ke ƙarƙashinsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sanin wannan alhaki wajibi ne ga duk mai shirin koyarwa, kuma bai dace a ɗora wa shugaban makaranta nauyi ba tare da an ba shi ilimi da kayan aikin sauke shi ba.

Tushen Alhakin

Daga lokacin da yaro ya shigo makaranta har ya tashi, doka tana kallon malami a matsayin wakilin iyaye. A Ingila, wadda dokokinta suka yi tasiri a kan na Nijeriya, wata shari'a ta 1893 tsakanin Williams da Eady ta kafa ma'aunin da ake bi: malami ya kula da ɗalibansa kamar yadda uba mai lura zai kula da 'ya'yansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun a ƙarni na 9, malamin Malikiyya na Ƙairawan, Muhammad ɗan Sahnun, ya wallafa littafi kan ladubban malamai, inda ya iyakance horon da za a yi wa almajiri, ya kuma nuna cewa wanda ya wuce iyaka har ya cutar da yaro, akwai lamuni a kansa. Ke nan dokar boko da fiƙihu sun haɗu a kan cewa yaro amana ne, kuma akwai hisabi ga wanda ya yi sakaci da amana.

A gida Nijeriya, sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, sashe na 36 kuma ya tabbatar da 'yancin a saurari mutum kafin a hukunta shi. Akwai Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda Jihar Katsina ta samar da tata irinta a 2020 da sunan dokar kare yara. Akwai kuma Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta mayar da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma tilas.

Wuraren da Ake Zamewa

Na farko shi ne sakaci wajen kulawa. A 1955 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci kan wani yaro ɗan kimanin shekara huɗu da ya sulale daga makarantar rainon yara a yankin Wales, ya fita titi. Direban babbar mota ya kauce masa, ya daki turke, ya rasu. Kotu ba ta ga laifin malamar ba, domin a lokacin tana ɗaure wa wani yaro rauni, amma ta ɗora alhaki a kan hukumar makarantar saboda barin ƙofa yadda ƙaramin yaro zai iya fita. Duk wanda ya san yadda motoci ke gudu a hanyar Kano zuwa Katsina da ta ratsa Kankiya, ya kuma san yawan makarantun karkara da ba su da katanga, zai gane cewa darasin nan ya shafe su kai tsaye.

Na biyu shi ne yanayin ginin makaranta. A ranar 8 ga Nuwamba 2021, gobara ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, ta hallaka yara aƙalla 25, 'yan shekara biyar zuwa shida. A Yulin 2024 kuma, ginin wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu. Bango mai tsagewa, rufin da iska ta ɗaga, da rijiyar da ba ta da murfi, duk gargaɗi ne da ake gani da ido tun kafin ranar kuka.

Na uku shi ne horo. Sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kot ta Arewa ya bar wa malami damar ladabtar da yaro, amma bisa sharaɗin kada a kai ga mummunan rauni. Malamin da ya fasa wa yaro ido ko ya karya masa hannu ba shi da mafaka a dokar boko ko a shari'ar Musulunci, kuma za a tambayi shugaban da ya san halinsa ya yi shiru. Haka nan korar ɗalibi ba tare da an ji ta bakinsa ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan tarzomar 1983, saboda ba a yi masu adalci wajen sauraro ba.

Na huɗu shi ne kuɗi da jarrabawa. Dokar 2004 ta tanadi tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta a firamare ko ƙaramar sakandaren gwamnati. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 kuwa ta haɗa har da malamai da shugabannin makarantu cikin waɗanda za a iya gurfanarwa.

Na biyar shi ne tsaro da tantance ma'aikata. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kwashe ɗalibai. An sako 344 bayan kwana shida, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. A Kano, a Yulin 2022, babbar kotu ta yanke hukuncin kisa ga wani mai makaranta da ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta. Wannan ya nuna cewa wani lokaci ɓarawo a cikin gida yake.

Inda Gizo ke Saƙa

Wasu za su ce ba adalci ba ne a tuhumi hedimastan ƙauye da laifin rashin katanga, alhali ba shi ke ware kuɗi ba, ba shi ke ɗaukar malamai ba, kuma ba shi da ikon tare ɗan bindiga. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Gina aji aikin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha ne da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, tsaro kuma aikin gwamnati ne. Sai dai doka ba ta neman abin da ya fi ƙarfin mutum. Abin da take tambaya shi ne: me ya sani, kuma me ya yi da ya sani? Hedimastan da ya ga bango ya tsage, ya fitar da yara zuwa inuwar itace, ya rubuta wa sakataren ilimi takarda mai kwanan wata, ya ajiye kwafi, ya sanar da kwamitin kula da makaranta da mai gari, ya sauke nasa nauyin. Saura ya koma kan na sama da shi. Wanda kuwa ya ce sai abin da Allah ya yi, ya bar yara a ciki, ya manta cewa ko addini ya yi umarni da a ɗauki matakin kariya kafin a yi tawakkali.

Wasu kuma suna tsoron cewa yawan maganar doka zai sa malamai su janye hannu daga tarbiyya. Akasin haka ya fi kusa da gaskiya. Malamin da ya san iyakarsa ya fi ƙarfin gwiwar tsawatarwa, domin ya san inda zai tsaya. Al'adar sasantawa a zauren mai gari abu ne mai kyau da ke kashe ƙananan rigingimu, amma ba ta wanke laifin da ya kai ga asarar rai, kuma iyayen yau sun fi na da sanin hanyar kotu.

Kammalawa

Abin da ya dace shi ne kwalejojin ilimi, irin su ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da ta Tarayya da ke Katsina, su ƙara ba dokokin ilimi muhimmanci, a riƙa koyar da su da misalan gida. Hukumomi su riƙa horar da duk wanda za a naɗa shugaba, su kuma amsa takardun koke a kan lokaci. Shi kuwa ɗalibin koyon malanta, ya saba tun yanzu da rajistar kiran suna, littafin tarihin makaranta, littafin horo da jadawalin malamin aiki, domin su ne shaidunsa ranar da za a tambaye shi. Rigakafi ya fi magani, kuma uwar da ta tura ɗanta makaranta da safe a Kunduru tana da haƙƙin ta gan shi ya dawo mata lafiya.