Cikin Bayan Mahaifa: Muhimmancin Awon Wuri ga Matan Birnin Gwari

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ana ganin ɓoye ƙaramin ciki alama ce ta kunya da tarbiyya, musamman ga amarya mai cikin fari. Mata da yawa ba su zuwa awo sai ciki ya fito fili, a wata na biyar ko na shida. Manufar wannan muƙala ita ce nuna cewa wannan al'ada tana bukatar gyara, domin akwai lalurar da ke gama ɓarnarta tun kafin ciki ya cika wata uku, wato cikin bayan mahaifa.

Yadda Lalurar Take

A ƙa'ida, ƙwan mace yana haɗuwa da maniyyi a cikin siririn bututun da ya haɗa ma'ajiyar ƙwai da mahaifa, sannan ya gangara mahaifa ya zauna. Idan bututun ya ƙuntace ko ya yi tabo, sai ƙwan ya maƙale a hanya ya ci gaba da girma. Bututu kuwa ba ya buɗewa kamar mahaifa, don haka yakan fashe, jini ya riƙa zuba a cikin cikin mace inda ido ba ya gani. Hakan na faruwa ga ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100, kuma alamunsa sun fi bayyana tsakanin mako na 6 da na 8. Lalurar tsohuwa ce. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya bayyana ta, sannan a 1883 Lawson Tait ya yi nasarar ceton mace da tiyata a Birmingham ta Ingila.

Hasashen Haɗari

Matakin farko na hasashe tambaya ce, wadda ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yi. Shin ta taɓa yin irin wannan ciki? Idan ta taɓa, kusan 1 cikin 10 sukan maimaita. Ta taɓa fama da ciwon sanyi da ya kai ga mara? An taɓa yi mata aiki a bututun? Ta samu cikin ne alhali tana da robar tazarar haihuwa a mahaifa? Ta haura shekara 35? Wadda ta amsa da “e” ta cancanci hoton ciki da wuri, domin a tabbatar da inda cikin ya zauna.

Wani na iya cewa tambayoyin ba su wadatar ba, tunda kusan rabin matan da abin ke samu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Gaskiya ne, kuma shi ya sa sanin alamu ya zama wajibi ga kowa. Duk macen da al'adarta ta tsaya, sannan ta ji ciwon mara a gefe guda, ko ɗigon jini, ko jiri da suma, ko ciwo a kan kafaɗa, a yi mata gwajin fitsari nan take. Kada a ce ɓari ne a zauna ana jiƙe-jiƙe.

Halin Birnin Gwari

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku da Kuyambana sun yi nisa da asibitin da ake tiyata da ƙarin jini. Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun koya wa mutanen Kuyello da Randagi da Dogon Dawa cewa fita da mara lafiya cikin dare kasada ce. Ko bayan sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024, nisan yana nan yadda yake. Macen da aka gano lalurarta kafin bututu ya fashe tana iya tafiya da rana, da ƙafafunta, wani lokaci ma allurar methotrexate ta wadatar ba sai an yanka ta ba. Wadda aka bari ya fashe kuwa, sa'o'i kaɗan ne tsakaninta da ajali.

Kammalawa

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara awo cikin makonni 12 na farko. Malamin makaranta yana da rawar takawa a nan, domin a ƙauye ana jin maganarsa a aji da taron iyayen yara da ajin yaƙi da jahilci. Ya fahimtar da magidanta su ba da izini da kuɗin mota da zarar wata ya wuce, ita kuma malama ta tunasar da iyaye mata cewa faɗa wa ma'aikaciyar jinya ba ya zubar da kunya. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.