PHP ba ta tambayar ka ko ka iya Turanci

Duk lokacin da na ce ma wani ƙanena ya zo mu koyi rubuta shafin intanet, amsar ɗaya ce: "Kai yaya, wannan ai sai wanda ya iya Ingilishi." Na gaji da jin wannan magana, shi ya sa yau zan faɗi abin da na gani da idona.

Mu ɗauki PHP, wadda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Da ita aka gina WordPress, da ita Facebook ɗin nan da muke kwana a kai ya fara. Ƙa'idodinta na farko ba su kai na dara wuya ba. Ana buɗe rubutu da <?php a rufe da ?>. Kowane umurni yana ƙarewa da waƙafi mai ruwa, wato point-virgule ɗin da muka sani a lakol. Duk abin da za ka ajiye, ka ba shi suna mai farawa da alamar dala: $gari = "Maradi"; sai ka rubuta echo $gari; ta nuna maka Maradi a kan allo. In kana son barin wa kanka bayani, sa // a gaba, na'ura ba ta karanta shi.

To ina Turancin? echo, if, else, while, kalmomi ne ƴan kaɗan da za ka hardace kafin shayi ya dahu. Sunayen kuwa naka ne. Kana iya rubuta $kuɗi ko $ƙauye da ɗ da ƙ ɗinmu, PHP ta karɓa ba gardama. Sai dai ka kiyaye, $suna da $Suna abu biyu ne a wajenta.

Abin da ke kayar da mu ƴan Nijar, a ganina, sabon da muka yi da rubutun Faransanci ne, kuma ba na jin ana gargaɗin masu farawa a kai. Mun saba rubuta 2,5, ita kuma 2.5 take so. Mun saba da « », ita sai " ko '. Ni kaina na taɓa kwana a kan layi shida da na fara bugawa a cikin Word na kwafo. Word ya lanƙwasa mini alamun zance ban lura ba. Na yi ta zargin kwamfutata, na zargi wutar da aka ɗauke, har na ce wannan aiki ba na irina ba ne. Da safe wata abokiyar karatuna ta duba, ta gyara cikin minti guda tana dariya.

Haka in ka manta waƙafi mai ruwa, sau da yawa saƙon kuskure layin da ke biye yake nunawa. Sai ka duba na samansa.

Mutum nawa suka ajiye wannan sana'a a irin wannan dare, don ba wanda zai yi musu bayani da Hausa? Masu koyarwa, don Allah ku fara da waɗannan tarkuna tun ranar farko, kuma ku bar ɗalibi ya sa ma abubuwansa suna da harshen da yake tunani da shi. Ƙanen nawa na zaunar da shi ranar Asabar, layinsa na farko shi ne echo "Ina kwana Damagaram";