Kaset ɗin Gida da Faffaɗan Allo: A Bar Hoton Hausawan Rusairis Yadda Aka Ɗauke Shi

Ɗalibin Hausa ya saba neman hujja a littafi da bakin dattawa, amma akwai wata taska da ba a cika waiwayarta ba, wato kaset-kaset ɗin bidiyo na biki da suna da saukar karatu da ke ajiye a akwatunan gidaje. Irin wannan taska tana da nauyi na musamman a wajen Hausawan Sudan. Kakanninsu sun bi hanyar hajji ta ƙasa, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, har Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa garin da ake kira da sunansa a gaɓar kogin Bulu Nil, kusa da Sinnar. Noman auduga na Jazira, wanda ya kankama a 1925, ya ƙara jawo wasu. Daga nan zuriyarsu ta bazu a gaɓar kogin har Rusairis.

A Rusairis ɗin nan aka kammala madatsar ruwa a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a aikin da aka buɗe a farkon 2013. Ruwa ya mamaye gonaki da matsugunai, aka kwashe mutane zuwa sababbin garuruwa. A watan Yulin 2022 kuma rikici ya ɓarke a jihar, aka yi asarar rayuka, dubban mutane suka bar gidajensu. Don haka kaset ɗin da aka ɗauka a wani biki shekaru ashirin da suka wuce yana iya zama shaidar da ta rage ta wata unguwa da babu ita yanzu. Duk wanda aka ba aikin mayar da shi faifan DVD, amana aka ba shi, kuma amanar ta fi lalacewa a wuri guda: wajen ƙoƙarin cika faffaɗan allon talabijin na zamani.

Ga yadda abin yake. Tsohuwar talabijin tana da faɗi huɗu a kan tsawo uku, wato 4:3, ta yanzu kuwa 16:9 ce. Amma faifan DVD na tsarin PAL, wanda Sudan da Nijeriya ke amfani da shi, ma'auninsa ɗaya ne ko da wane irin hoto aka zuba masa: ɗigo 720 a kwance, layi 576 a tsaye. Dabarar da ake kira anamofik ita ce a matse faffaɗan hoto daga gefe da gefe har ya shiga wannan ma'auni, sannan a saka wata alama a cikin faifan da za ta gaya wa na'ura ta sake buɗe shi lokacin kallo. Dabarar ta samo asali ne daga silima, inda tsarin CinemaScope na 1953 ya yi amfani da gilashin da ke matse hoto a kyamara da wani da ke buɗe shi a majigi. Amfaninta a fili yake: duk layukan 576 suna ɗauke da hoto. Idan kuwa aka liƙa baƙaƙen shafe sama da ƙasa a jikin hoton, layi 432 kaɗai ke aiki, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a banza.

To, ga hoton da aka ɗauka da kyamarar MiniDV a yanayin 16:9, anamofik ita ce hanya madaidaiciya, kuma abin da ake bukata kawai shi ne kada alamar nan ta ɓace wajen tacewa. In ta ɓace, sai a ga mutane sun zama dogaye sirara kamar karan dawa.

Matsalar ita ce yawancin tsofaffin kaset na gida, na VHS da Hi8 da ma MiniDV da dama, a 4:3 aka ɗauke su. Babu faɗin da aka matse a cikinsu, balle a buɗe. Mai son su cika allo dole ya yi ɗayan biyu. Ko dai ya miƙe hoton, kowace fuska ta ƙara faɗi da sulusi, amarya ta zama wata daban, ko kuma ya yanke sama da ƙasa, ya zubar da rubu'in abin da kyamara ta gani. Abin da ke faɗuwa a wannan yanka shi ne naɗin rawani da ɗinkin hula, da rufin ɗaki, da tabarma da kwanon abinci da lallen ƙafa, wato ainihin abin da mai nazarin al'ada zai zo nema. Mai ɗaukar hoto ya sa fuskoki a tsakiya, tarihi kuwa sau da yawa a gefe yake maƙalewa.

Masu shagon tace bidiyo suna da uzurinsu, kuma ba na banza ba ne. Mai biki ya sayi babbar talabijin da kuɗinsa, in ya ga baƙi a dama da hagu sai ya ɗauka an yi masa ha'inci. Amsar ba ta da tsada: a yi masa kwafin da yake so, amma a fara yin na asali a 4:3, a sa masa alamar 4:3, a bar talabijin ta nuna shi da shafenta na gefe. Gwajin ma mai sauƙi ne. A nemi abu mai da'ira a cikin hoton, tayar keke ko bakin tukunya ko faifan rufe ƙwarya (wanda daga gare shi ne ma faifan garmaho da na DVD suka ari suna), in ya koma kamar ƙwai, an taɓa hoton.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan ciwo ga ɗalibin harshe, ita ce shafe sautin asali a ɗora waƙa a kai. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke daidaita kanta da Larabci, kuma irin wannan cuɗanya ba a jin ta sosai sai a hirar da ba a shirya ba: gaisuwar tsofaffi, barkwancin kaka da jika, kiran yara, cinikin da ake yi a bayan kyamara. Waƙar da aka ɗora ana samunta a kasuwa. Muryar tsohuwar da aka shafe ba ta da wani kwafi.

Shi kansa faifan DVD bai kamata a ɗauke shi a matsayin uwar ajiya ba. Awa ɗaya ta MiniDV tana cin kusan gigabayit 13, faifai mai shimfiɗa ɗaya kuwa 4.7 yake ɗauka, saboda haka sai an rage bayanai kafin hoton ya shiga, kuma abin da aka rage ba ya dawowa. Ya fi kyau a kwashe kaset ɗin zuwa kwamfuta ta wayar FireWire, a adana wannan fayil ba tare da an taɓa shi ba a wurare biyu, ɗaya a hannun dangin da ke wani gari, sannan a fitar da na faifai da na waya daga gare shi. Kaset ɗin ma kada a yar. A jikin kowane kwafi a rubuta sunan ƙauyen da shekarar da sunayen waɗanda ke ciki, da boko da ajami in ya yiwu, tun masu iya gane fuskokin suna nan.